Kifin da Ƙanƙara Ta Ƙona

Baba bai yi wa Yaya baki ba lokacin da ya bar gandu ya tafi Kano. Da ma bakin ya yi masa, da an san inda aka dosa, a tara dattawa a ba da haƙuri a wuce wurin. Abin da ya yi shi ne ya raba masa kwano. A ƙauyenmu, can bayan Tsanyawa, ɗa da ubansa akushi ɗaya suke sa wa hannu a zaure, komai girman ɗan, ko da gemunsa ya taɓo ƙirji. Tun ranar da Yaya ya jingine garmarsa ana tsakiyar noma ya bi motar gyaɗa, duk sanda ya zo ganin gida sai Baba ya ce da ni, ba tare da ya dube shi ba, "A zuba wa baƙo nasa daban." Ni nake zubawar, don haka na fi kowa sanin nauyin wannan kwano.

Ina gida a lokacin saboda aurena na fari ya mutu, kuma masu cewa bakina ne ya kashe shi har yau ba su zo sun faɗa a gabana ba. Inna ba ta daɗe da rasuwa ba, tukunyar gida ta dawo hannuna. Sai kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda ta daina girki tuntuni amma ba a taɓa ɗora tukunya a gidan nan ta rufe bakinta ba. Tana da 'yar kujerarta a gefen murhu, da ƙullin kanwa a haɓar zane. Gwaggo ta yi imani da Allah da Manzonsa, daga nan kuma sai kanwa. Ciwon ciki kanwa, wake kanwa, naman tsohuwar akuya kanwa, jaki ya ƙi cin abinci a ba shi kanwa.

Barin gandun kaɗai da Baba zai iya haɗiyewa. Gonakinmu ƙanana ne, a matse suke, idan ka yi atishawa a taka maƙwabcinka ne zai amsa maka daga tasa, kuma ba Yaya ne na farko da ya ga ƙasar ba za ta ɗauki kowa ba. Abin da ya tsaya wa Baba a maƙogwaro shi ne irin aikin. Kuku Yaya ya zama a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Ɗan da ya haifa, ƙato mai ɗora wa jaki mangalar taki shi kaɗai, wai yana can tsaye da ludayi yana ɗanɗana miya. A ƙofar masallaci ba wanda yake fitowa fili ya faɗa, sai dai akwai wani maƙwabcinmu, sa'an Baba ne tun suna yara, da yakan gyara fuska kamar mai ta'aziyya ya ce, "Ina labarin mai girkin namu?" Baba ya dawo gida ya huce a kan kaji.

Duk tsarabar da Yaya ya kawo Baba ba ya taɓawa. Sabulu, sukari mai ƙwaya, ganyen shayi, har da wani bargo mai laushi. A ajiye a gabansa ya ce an gode, da safe a tarar da kayan a bakin ƙofar ɗakin da Yaya ya kwana. Gwaggo ce take kwashewa, wai kada a yi almubazzaranci.

Zuwan kifin da bazara ne, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa tun da hantsi. Yaya ya sauka daga mota a bakin titi, ya ƙarasa a ƙafa da wani buhu a ka yana ɗigar masa da ruwa a wuya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ajiye buhun a inuwa ya ja ni bayan rumbu. Ya ce an sauya wa Baturensa wurin aiki, Ikko zai koma, wato Legas, kuma yana so ya tafi da shi. Ikko a wurinmu a wancan zamani ba ta da maraba da lahira, sai dai ita da jirgin ƙasa ake zuwa.

"Ban ba shi amsa ba," in ji Yaya. "Akwai wani gida a nan Kano da za su ɗauke ni. Amma na gaji da zama baƙo a gidan ubana. Kin san yadda Baba yake son kifi. Idan wannan ma ya dawo mini da shi, zan bi Baturen. Kuma ba don fushi ba."

Da don fushi ne da na samu abin kamawa, in yi masa tas ya huce. Sai ya faɗe ta a hankali, yana kallon ƙasa. Ga shi ni da shi kaɗai Inna ta bari.

Gaskiya ne, Baba da kifi ba a shiga tsakaninsu. Mu ba mutanen ruwa ba ne. Kifinmu sai banda da ake kawowa ranar kasuwa, baƙi ƙirin a naɗe da jelarsa a baki, ko gaiwa idan an dace an tono ta a busasshen tafki. Idan Baba ya samu kan tarwaɗa yakan zauna da shi ya tsotse har sai ƙashin ya yi fari, ko sallama aka yi ba ya ji. Yaya ya san ƙofar da ya ƙwanƙwasa.

Ya kwance buhun a tsakar gida. Cikinsa jiƙaƙƙiyar ɗusar katako ce, a tsakiyarta ragowar ƙanƙara da ba ta fi dunƙulen hannu ba, sai wani ƙunshi na takarda mai maiƙo. Ƙanƙara mun san ta, ita ce take faɗowa da damina ta tsattsage ganyen dawa, amma ba mu taɓa ganin wadda aka kawo a buhu da bazara ba. Gwaggo ta taɓa, ta janye hannu da sauri ta yi a'uziyya. Da aka buɗe takardar sai ga wasu abubuwa falle-falle, kowanne kamar tafin takalmi. Ba kai, ba jela, ba fata, ko ƙaya ɗaya babu. Tsakiyarsu ta saki ta yi taushi, amma gefe-gefen ya bushe ya yi fari fat, ya yi kaushi irin na dugadugin manomi. Warinsa kuma ba na ruɓa ba ne, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ne.

"Ina kifin?" in ji Gwaggo.

"Shi ne wannan, Gwaggo."

"To ina kansa?"

"Tun a ƙasarsu suke cirewa. Su ba sa cin kai."

Gwaggo ta dube ni na dube ta. Ta ce mutanen da suke yar da kan kifi su ne suke mulkinmu, shi ya sa ba abin da yake tafiya daidai.

Muna cikin haka Baba ya shigo. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa wa iska. Ya tsaya daga nesa, hannuwa a baya, ya miƙa wuya yana kallon abin da ke cikin takardar. Ni ya tambaya, kamar ni na je Kano, "Wannan fari-farin da ke jikinsa fa? Cuta ce?"

"Ƙanƙara ce ta ƙona shi, Baba," in ji Yaya. "Ya daɗe a ƙasan akwatin sanyi, matar Baturen ta manta da shi, sai da aka zo kwashe kaya aka gan shi."

Matsalar Yaya ke nan tun yana yaro, bai iya ƙarya ba ko ta gyaran zance. Da ni ce, da na ce haka kifin sarakunan Turai yake, farin ma shi ne alamar tsada.

"Ƙanƙara ta ƙona shi," in ji Baba.

"E, Baba."

"Shi akwatin, me yake sa shi sanyi?"

"Fitila ake kunna masa a ƙasa, ta kananzir."

Baba ya juya maganar a ransa. Can ya ce da ni, "Kin ji ko? A Kano wuta ce take sanyaya abu, ƙanƙara kuma ta ƙona shi. Wannan karatun aka bar gona aka tafi yi." Ya juya ya fita. Amma na lura bai ce a ɗauke ba, kuma da ya kai bakin zaure ya ɗan tsaya ya ja iska ta hanci.

Gwaggo ta ce kafin a ɗora komai sai an tabbatar kifi ne, don abin da ba shi da kai kowa zai iya raɗa masa sunan da ya ga dama, kuma ta ji labarin irin abin da Turawa suke ci. Ta sa wuƙa ta yanko ɗan gefe ta jefa wa kyanwa. Kyanwa ta shinshina, ta cinye inda yake da taushi, ta bar farin a ƙasa ta tafi abinta. Gwaggo ta ce shi ke nan, kifi ne. Ban tambaye ta ko an taɓa ganin kyanwar da ta ƙi alade ba, don so nake a wuce wurin.

Yanzu ga inda abin ya cakuɗe. A duk ƙasar Tsanyawa ba wanda ya san yadda ake dafa wannan kifi sai mutum ɗaya, kuma yana tsaye a tsakar gidanmu. Amma idan Baba ya leƙo ya ga ɗansa a bakin murhu, a gidansa, a gaban mata, to ko kifin Aljanna ne ba zai ci ba. Duk mun san haka, ba sai an faɗa ba. Saboda haka Yaya ya samu wata tsohuwar igiyar jaki ya zauna a bayan zanar da ta kare madafi, yana yi kamar gyara yake, yana turo mini magana ta kafar zana da ƙaramar murya.

"Ki yanke duk inda ya yi fari ki zubar."

Kunnen Gwaggo ba ya jin kiran sallar asuba, amma wannan ta ji. "A zubar da me? A gidan nan ko ƙanzo ba a zubarwa. Rabin kifin fari ne. Ka ɗauko shi tun daga Kano a ka don a ba kaji?"

Yaya ya ƙara matsowa jikin zana. Can ya sake cewa, "To ki jiƙa shi a madara, tana cire warin."

Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati. "Kifi da madara. So kake mu wayi gari duk gidan mun zama kutare? Dubi jikin kifin ma kansa, wa ya sani ko madarar suka ba shi."

A nan kam ni ma ina bayan Gwaggo. Kowa a garinmu ya san ba a haɗa kifi da nono, kuma ban ga dalilin da zai sa a fara gwadawa a kan Baba ba.

"To aƙalla kada ya daɗe a wuta," in ji Yaya. "Mai kaɗan a kasko, a juya nan a juya can, a sauke."

Gwaggo ta ɗauki falle ɗaya ta kama farin gefen da hannu biyu ta ja. Bai yage ba. Ta sa ɗan abin da ya rage mata na haƙori, nan ma ya ƙi. Ta ɗaga shi sama ta nuna wa zanar. "Abin da ya ƙi hannu ya ƙi haƙori, shi ne za a nuna wa wuta a sauke? Ɗanye za ka ba ƙanena? Tun kafin a haifi uwarka nake dafa kifi." Sannan ta ɗaga murya yadda za ta kai zaure. "Ko in kira ubanka ya zo ya ga ɗansa yana koya wa mata girki?"

Daga nan ba mu sake jin komai daga bayan zana ba sai ƙarar igiya.

Ni kuma na yi nawa lissafin, kuma har gobe ina ganin duk macen da aka haifa a garinmu haka za ta yi. Abin da ya bushe ya yi tauri mun san maganinsa, ruwan zafi da wuta mai yawa, kamar yadda ake yi wa banda. Baba kuwa ba ya kiran abu abinci sai da tuwo, tuwo kuma ba ya tafiya sai da miya. Na wanke kifin da ruwan zafi, na zuba a tukunya da albasa da barkono da citta, na daka daddawa ninkin wadda na saba don ta danne wannan warin na rufaffen ɗaki. Ya tafasa, ƙamshi ya tashi, har na fara jin sanyi a raina.

Gwaggo ta sa tsinke ta caki farin gefen da ya taso sama. Yana nan yadda yake. Ta ce a ƙara ice, na ƙara. Ta sake caka. Sai na ga hannunta ya tafi haɓar zane.

"Gwaggo, ya ce fa kada ya daɗe."

"Shi ya ce."

Ta ɓantaro kanwa ta jefa. Tukunya ta yi kumfa ta kwanta. Muka jira, ta caka, ta yi tsaki, ta ƙara wata. Abin ya zama gaba tsakaninta da wannan farin gefe, ta ɗaure fuska tana kallonsa yana juyi a cikin ruwa kamar da gangan yake yi. Duk hankalinmu yana kan inda ya ƙi dahuwa, ba wadda ta tuna ta duba inda ya dahu tun tafasar farko. Da rana ta yi sanyi na ce ko ya yi ko bai yi ba lokacin kaɗa kuka ya yi. Na barbaɗa kuka na sa maburgi na burga da ƙarfina, yadda Inna ta koya mini, don kada ta yi gudaji.

Da na zaro maburgin sai ga wasu abubuwa sun naɗe a yatsunsa kamar tsumma. Na ciccire su na ajiye a faifai, na sa ludayi na zagaya tukunya. Na sake zagayawa, na tono har ƙasa. Miya ce kawai, ta yi kauri ta yi haske. Duk wannan kifin da ya cika tukunya ba ko tsoka ɗaya, sai farin gefen nan da suka nannaɗe suka ƙara tauri.

"Gwaggo, kifin ya tafi."

"Ya tafi ina?"

Ta karɓi ludayin ta yi nata binciken. Ta dubi kyanwa, kyanwa tana barci a ƙarƙashin rumbu. Sai ta juyo ta dubi bakina. Raina ya ɓaci, na ce idan zargina take ta taso ta shinshina, ai tare muke zaune tun azahar, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta ce komai ba. Ta ƙara leƙa tukunyar ta ce abin Nasara ke nan, ba albarka, yana ganin wuta ya gudu.

Yaya ya ji mu. Ya miƙe ya leƙo ta saman zana, ya dubi tukunya, ya dubi abin da ke kan faifai. Na shirya masa, ina jira ya ce ai ya faɗa, in sauke masa duk abin da ke cikina. Sai ya ce, "Ba komai. Sannunku da aiki." Wannan ta fi zagi ciwo. Na ji haushinsa, na ji haushin Gwaggo, na ji haushin matar Baturen da ban taɓa gani ba, wadda za ta ajiye abinci har ta manta da shi.

Don in samu abin yi na ɗiga miyar a tafin hannu na lasa. Wallahi tun da nake ban taɓa yin miyar kuka irin wannan ba. Kifin bai je ko'ina ba, yana cikinta gaba ɗaya. Nan take dabara ta zo mini. Na matsa jikin zana na ce da Yaya zan ɓoye tsummokaran nan in kai wa Baba miyar haka nan. Ba wanda zai iya nuna kifi a ciki. Zai ci ya ƙoshi, kuma ba mai cewa ya ci tsarabar kuku.

Yaya ya girgiza kai. "Idan ya ci a ɓoye ai bai ci ba. Ki zuba masa su a sama, inda kowa zai gani."

"Ka gan su kuwa? Ko akuya sai ta yi shawara."

"Su na kawo. Ki zuba."

Na zuba. Na jera su a saman miyar ina jin kamar ni nake haɗa masa kayan tafiya Ikko.

Bayan sallar magariba suka zauna a zaure kamar kullum, Baba da Liman da maƙwabcin nan mai fuskar ta'aziyya, don a unguwarmu magidanta tare suke cin tuwon dare, kowa a kawo daga gidansa. Ranar kuwa ƙamshi ya riga ya zaga unguwa, maƙwabcin ko jiran nasa akushin bai yi ba. Na kai na Baba na ajiye, na ajiye kwanon Yaya can bakin ƙofa inda ya saba zama, na koma bayan asabari na tsuguna. Gwaggo ta zo ta tsuguna a bayana tana numfashi a wuyana.

Baba ya ɗaga faifai. Fitila ta haska abin da ke saman miyar. Ya daɗe yana kallo.

"Yau girkin birni za mu ci ke nan," in ji maƙwabcin.

Liman ya yi bismilla ya ɗauki ɗaya ya sa a baki. Mutum ne mai kunya, ba ya kushe abinci. Ya tauna na ɗan lokaci da fuskar mai tunanin lahira, sannan ya yi kamar zai gyara rawani, na ga abin ya shige ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai. Maƙwabcin ya ɗauki nasa ya kafa haƙori ya ja da hannu. Abin ya miƙe, ya ƙara miƙewa, ya suɓuce ya fallo masa miya a ido. Ya goge da hannun riga yana dariya ya ce wannan ai fatar guga ce, a ajiye ta za ta yi amfani a rijiya. Liman ya yi gyaran murya. Yaya yana bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ko buɗe kwanonsa bai yi ba.

Baba ya yanki loma ya dangwala can gefe, inda ba kifi, ya kai baki. Ya tsaya. Ya sake yanka ya dangwala, wannan karon da zurfi. Na san Baba, na ga yadda kafaɗunsa suka sauka, ya ji abin da ke cikin miyar. Kuma na ga hanyar da ta buɗe masa, zai iya bin gefe-gefe ya cinye tuwonsa tas ya bar tsummokaran nan a akushi, gobe ya ce shi miyar kuka ya sha. Haka ya ci gaba da yi, loma bayan loma, yana kewaye su.

"Gara da ka bar su," in ji maƙwabcin. "Wannan ba na masu haƙora irin namu ba ne. A tattara a mayar wa mai girkin namu ya kai wa Baturensa."

Hannun Baba ya tsaya a cikin akushi. Bai dubi maƙwabcin ba. Ya sa yatsu ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma da tauri, ya ɗaga shi a hasken fitila yadda kowa zai gani, ya yi bismilla a fili ya sa a baki.

Haƙoran Baba a lokacin 'yan kaɗan ne, kuma ba sa fuskantar juna. Ya tauna ta dama, ya mayar hagu, ya dawo da shi gaba. Gemunsa yana sama yana ƙasa. Liman ya gama ya wanke hannu ya yi hamdala, Baba yana tauna. Maƙwabcin ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Baba ya fasa. Gumi ya keto masa a goshi, jijiyar wuyansa ta tashi. Gwaggo ta raɗa mini cewa da an bar ta ta ƙara kanwa da ba a kai ga haka ba, na ce ta yi mini shiru. A ƙarshe ya jawo butar ruwa ya kurɓa, ya ɗaga kai sama ya miƙe wuya ya haɗiye shi yadda yake. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya yi ajiyar zuciya, ya dubi akushi, ga sauran suna nan birjik suna jiransa.

Sai ya juya ya dubi bakin ƙofa. Tun ranar da aka jingine garmar nan ban ga ya sa idonsa a cikin na Yaya ba sai ranar.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Kai ka ɗauko wannan masifa tun daga Kano, sannan ka koma gefe ka zuba mini ido in mutu ni kaɗai? Matso ka sa hannu."

Yaya ya miƙe kamar wanda aka tasa daga barci. Ya sunkuya zai ɗauko kwanonsa.

"Bar wannan a nan," in ji Baba.

Ya bar shi. Ya wanke hannu ya zo ya durƙusa a gaban akushin, lomar farko ta suɓuce masa ta faɗi a tabarma. Ni ba mai saurin kuka ba ce, ranar da aka sake ni ma ban yi ba, amma a bayan asabarin nan na toshe bakina da zane na yi mai isata, don daɗi.

Baba ya zaɓo tsumma ɗaya ya tura gaban Yaya, ya ɗauki ɗaya. Suka zauna gwiwa da gwiwa suna tauna. Liman da maƙwabcin suka yi sallama suka fita, ba wanda ya raka su. Can Baba ya tura abin da ke bakinsa gefen kumatu ya ce, yana kallon akushi, "Ita motar nan da take kawo ka, kowace kasuwa take zuwa?"

Bakin Yaya a cike yake. Kai kawai ya ɗaga, yana ta taunar abin da ba ya taunuwa.